Hadarin da Aka Ce Mun Kora

Tawa, farkon damina

Maigida,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana cikin salamar nan da ka daɗe kana ba mu labarinta. Ba zan tambaye ka lafiyar jiki ba, don na san inda muka ajiye jikin. Na kuma san wannan takarda ba za ta same ka ba, tunda babu mai motar da ke bin hanyarku ya dawo. Amma kai ka koya mini rubutu da tsinke a rairayin ƙofar ɗaki, ina juya baƙaƙe baibai kana dariya, to bari in yi amfani da shi a kanka ko sau ɗaya ne. Bakina ya gaji da yi wa mutane bayani. Da kai nake so in yi magana.

Bari in fara da labarin gida, in har wannan gida ne. Autarmu Lami ta yi ƙyanda bayan tafiyarka, ta kwanta har na fid da rai, sai Ubangiji ya tashe ta. Ta rame, amma bakin nan nata yana nan yadda ka bar shi. Babban ɗanmu tun da ya tafi Abijan ci-rani ba mu ji ɗuriyarsa ba, ban ma san ko ya ji rasuwarka ba. Iyakar Najeriya har yanzu a rufe take, garin rogo ya zama abincin masu hali. Ruwa kuma ya sauka, Maigida. Ruwa na gaske, wanda ke cika kwari ya bar kwaɗi suna kuka. Ranar da aka yi na fari, yara suka fita tsirara suna tsalle, ni kuwa na zauna a ƙofa ina kallo, ban ji komai ba sai gajiya. Kai da ka fi kowa ɗokinsa ba ka gan shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne soja sun yi shela cewa za a tashi sansanin da ke bayan gari, duk wanda yunwa ta koro ya koma garinsu ya yi noma. Ranar Alhamis kamyo, babbar motar kaya, zai kwashi mutanen wajenmu na Kalfu. Ni ba dole ba ne in shiga, zan gaya maka dalili nan gaba. Sannan kuma yayanka, Maigari, ya zo har nan. Kwanakin nan ina ta juya maganar komawa a raina, ba ni da wanda zan yi shawara da shi. Ka san labarin fitowarmu, tare muka yi shi, amma ban taɓa faɗa maka yadda ni na gan shi ba.

Ka tuna Lahadin nan ta bara da Malam Bulus ya zo mana? Mai bisharar nan ɗan tsaunukan Najeriya, wanda ya koyi Hausa da girmansa, harshensa ya ƙi lanƙwasuwa. Ɗaki da daki duk ɗaya ne a bakinsa, yara suna bin sa suna cewa ya ce ɗan tsako su yi dariya, shi ma ya taya su. Gidaje uku ne mu masu bi a garin, muka taru a rumfar bayan gidanmu. A lokacin kowa ya yi binne, hatsi yana kwance cikin busasshiyar ƙasa yana jira, idon gari duka yana gabas. Ran nan kuwa gabas ta haɗe, ta yi baƙi ƙirin irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Har tsofaffi sun fara fid da tukwane tsakar gida.

Cikin dukan Littafi ka rasa abin da za ka karanta mana ran nan sai labarin jirgin ruwa. Mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba, ka tsaya kana yi mana kwatance, wai jirgi kamar kwamin shayar da dabbobi ne a bakin rijiya, sai dai shi ruwan a waje yake. Ka ce iska ta taso wa almajiran Yesu a tsakiyar teku, ruwa yana shiga, shi kuwa yana barci a baya. Suka tashe shi, ya tsawata wa iskar, ta kwanta. Ka faɗe shi da daɗi, ba zan ƙi gaskiya ba. Daga nan Malam Bulus ya tashi yin addu'a. A hanyarsa ta zuwa ya ga motar da ta kife da mutane, abin yana ransa, sai ya ɗaga murya yana roƙon Ubangiji ya kawar mana da haɗari, ya nisanta shi da garin nan da gonakinsa da hanyoyinsa. Haɗari yake nufi, na mota da na rayuwa. Amma abin da ya fito daga bakinsa hadari ne, sau da yawa kuwa, da ƙarfi, ga mata a bayan darni suna sussukar ɗan abin da ya rage.

Ba a jima ba iska ta taso. Hadarin ya tsage biyu, ya bi ta arewa ya wuce, ɗigon da ya sauka bai jiƙa bayan kaza ba. Kafin la'asar babu gidan da ba a ji ba cewa Kiristoci sun ɗaure ruwa. Aka ce da kunne aka ji suna roƙo a kore shi. Aka ƙara da cewa ai ko a littafinsu Annabi Isa hadari ya tsawata wa, maigidan ma da bakinsa ya karanta. Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa zaton harafi guda zai iya ba.

Ina ganinka har yanzu a zauren yayanka, ka durƙusa gaban dattawa kana maimaita kalmomin nan biyu, hadari, haɗari, kana nuna musu maƙogwaronka kamar mushe, malamin lakwal, a gaban ƴan makaranta. Da shekarar ƙoshi ce da an yi dariya har a riƙe ciki, a mai da shi abin tsokanar Malam Bulus. Amma mai jin yunwa ba ya jin wasa. Mutane sun binne irinsu na ƙarshe, suna neman wanda za su ɗora wa laifi, mu kuwa dama tun ranar da ka dawo daga asibitin mishan da sabon addini ake kallonmu a kaikaice. Washegari na je rijiya, mata suka janye gugansu daga kusa da nawa. Hassi, wadda muke aron gishiri tun muna amare, ta rufe fuskar ɗanta da zane da ta gan ni. Wannan ya fi mini zafi bisa duwatsun da samari suka jefa a rumfar.

Yayanka bai kore mu da baki ba, na shaide shi. Cewa ya yi mu ɗan ba gari wuri har ya huce. Ko kallonka bai yi ba da yake faɗa, yana ta tonon ƙasa da sanda. Uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goye ka kana yaro, amma ran nan rawaninsa ya fi masa nauyi bisa kai. Cikin gidajen nan uku, ɗaya suka koma salla a makon, ɗaya suka yi kudu. Mu muka ɗora tabarmi da tukunya a jaki muka bi duwatsun Adar zuwa Tawa, Lami tana tambaya ko biki za mu.

Zaman sansani ba sai na tuna maka ba. Bukkokin buhu da tsumma, Buzaye da suka rasa raƙumansu suna zaune shiru sun rufe fuska, Fulani ba ko saniya ɗaya, mu manoma ba ko zangarniya. Jar dawar taimako da ake rabawa, wadda ko an daka ta sai ta tsaya wa mutum a ƙirji. Anzar nan, ƴaƴan itacen daji da nake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, bai kuwa taɓa fita duka ba. Da sojan nan mai bulala da ya hana a ce yunwa, wai sai dai a ce ƙarancin abinci. Mun ga farin farko, wanda ya zo da soja kan mulki, a cikinsa muka binne ƴaƴa biyu, na ɗauka mun biya namu rabon wahala. Ashe da saura.

Kai kuwa ko a can ba ka bar halinka ba. Ka ba tsohon Buzun nan bargonka lokacin sanyi, ka dawo kana tari kana ce mini ai shi ba shi da mata mai faɗa da za ta ɗumama masa kunne. Na yi faɗan kuwa. Da na san tarin nan shi ne ajalinka da na ƙwato bargon da hannuna, kunya ta kashe ni daga baya. Da bazara ta kama, ranar da jikinka ya yi sanyi ana tsakar rana, ka tambaye ni ko akwai wani abu a gabas. Na leƙa na ce babu. Sai ka ce, "Kak ki riƙe Yaya a rai, Rahila." Na ce to. Da baki na faɗa don ka tafi da sauƙi, zuciyata ba ta ce komai ba.

Madam Zainabu ce ta ba da farin ƙyallen da aka naɗe ka. Ka tuna ta, ungozomar nan Badamagariya da gwamnati ta turo Tawa, mai zuwa sansani duba masu ciki. Musulma ce mai yawan salla, ba ta kuwa tambaye ni ko ya halatta ba, ta buɗe akwatinta kawai. Ƴan'uwa masu bi na cikin gari, ma'aikatan nan mutanen bakin teku, su suka haƙa kabarin. Sun yi maka waƙa da Faransanci da wani yare nasu, kai da ba ka jin ko ɗaya. Malam Bulus ya iso bayan an gama, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Na ba shi ruwa, amma ban iya kallon bakinsa ba. Tun daga nan Madam ta ɗauke ni ina yi mata wanki da girki, ta ba mu ɗaki ni da Lami a bayan gidanta. Shi ya sa na ce maka shelar soja ba ta hau kaina ba. In na so zama, akwai tuwo, akwai rufin kwano, har ta ce za ta sa Lami lakwal.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ran nan a rumfa, ni ma hadari na ji. Na san abin da yake nufi, amma kunnena hadari ya ji, na kuwa ce amin tare da ku. Da na ga gabas ta washe sai na fara zargin kanmu. Na ce a raina, shin ko Allah kalmar da aka faɗa ya amsa, ba wadda aka nufa ba? Kana can zaure kana rantsuwa ba mu ɗaure ruwa ba, ni ina ɗaki ina tsoron ko mun ɗaure. Na san wauta ce. Wanda ya halicci harshe zai kasa gane na Malam Bulus? Amma wautar ta bi ni har Tawa, ta kwana da ni ta tashi da ni, na kasa faɗa maka don kada in ƙara maka kaya.

Bayan ka tafi kuma, cikin labarin jirgin nan duka babu abin da ya tsaya mini sai barcin. Ina wanki ina tambayarsa, kai Ubangiji, wane irin barci ne wannan? Almajiranka sau ɗaya suka tashe ka ka tashi. Ni na tashe ka a kan ƴaƴana biyu, na tashe ka a bakin rijiya, na tashe ka a kan mijina har muryata ta dushe. Ko don mu mutanen tudu ne, ba ka san muryarmu ba? Ban daina zuwa sujada ba, kada ka damu. Ina zuwa in zauna a baya. Amma in an zo addu'ar da Ubangiji ya koya mana, aka kai wurin da muke cewa a yafe mana yadda muke yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in yi tari. Kowace Lahadi a daidai wurin nan tari yake kama ni, har wata baiwar Allah ta kawo mini maganin majina. Ba na son in yi wa Allah ƙarya, ba na kuma son a gane.

Lahadin da ta wuce, ranar kasuwa, ina shanya a tsakar gidan Madam sai Lami ta ce ga wani tsoho a ƙofa yana sallama. Ban gane shi ba da farko, Maigida. Yayanka da ke cika zaure ya koma kamar karan dawa, rawanin ya yi masa yawa. Da ƙafa ya zo, dokin ya mutu tun bara. Matarsa ta rasu, jikokinsa ma an binne wasu. Bayan fitowarmu ko ɗigo ba a ƙara yi ba har damina ta wuce, garin ya watse, sai yanzu ake komowa ɗaya ɗaya. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa ya ƙi hawa, ya tsuguna a rana. Mun gaisa gaisuwar da ba ta da gishiri. Na daɗe ina tanadin maganganun da zan zuba masa in Allah ya haɗa mu, na jera su tsaf, amma da na ga wuyansa sai na nemi ko ɗaya na rasa. Shi ma bai ce in yi haƙuri ba, ka san ba a gina bakinsa da wannan ba. Cewa ya yi in kai shi inda kake.

Muka tafi, yana gaba ina baya, rana tana dukanmu. Da muka isa ya tsaya a kanka ya daɗe. Ya ɗaga hannuwa zai yi fatiha, sai ya tsaya, ya sauke su. Na ga bai san abin da ake karanta wa Kirista ba, yana tsoron kada ya yi maka abin da ba ka so, ko ya yi wa addininsa abin da bai dace ba. Sai ya juyo, karo na farko da ya dubi idona tun ina amarya, ya ce, "Ki yi mishi irin taku, ni in ce amin."

Me zan yi? Ni ba mai wa'azi ba ce, addu'a ɗaya na haddace daga farko har ƙarshe. Na fara. Ina yi ina hango wurin nan yana matsowa, ga mu mu biyu kaɗai, babu taron da zan ɓuya a ciki, babu wanda zai rufe mini tari da muryarsa. Ga mutumin a gabana, ga ka a ƙasa. Na kai wurin na tsaya. Shi dai yana jira da hannuwa a buɗe, bai san me ke tafe ba. Sai na faɗa. Na faɗa duka, ban haɗiye ko kalma ba. Ya ji abin da na ce sarai, Hausa ce. Ya ce amin, ya ja gefen rawani ya rufe fuska.

Kada ka zaci na ga wani haske ko na ji wata murya. Ba abin da ya faru. Kuda suna ta yawonsu, wani jaki yana kuka a bayan katanga. A hanyar dawowa ne ya ce mini, yana kallon gabansa, "Na shibka gonar ƙanena da irina. Ta yi haki, ni kau ƙarhina ya ƙare." Iyakar roƙonsa ke nan, na kuwa san abin da ya ci masa kafin ya faɗa. Da muka koma gida na ba shi fura ya sha ya kama hanya, ni kuma na shiga ɗaki da niyyar in ɗan miƙe bayana. Sai barci ya ɗauke ni da rana tsaka, irin wanda rabona da shi tun muna gida. An yi ruwa da iska a yammacin, kwano yana ta ƙara, ɗigo yana zuba a gefen tabarmata, Lami ta ce ta girgiza ni ta gaji. Da na farka na ga wankin Madam duka a jiƙe a igiya, na zauna ina dariya ni kaɗai, ina hawaye. Shekara guda ina jin haushin mai barci a jirgi. Ban ce na gane shi duka ba, amma yanzu na san akwai barcin da ba na rashin kula ba ne. Ina jin ita ce salamar da kake faɗa. Na zaci za ta zo da ƙarfi, ashe a gajiye take samun mutum.

To, na yanke shawara, zan shiga kamyon Alhamis. Madam ta ce ba ni da hankali, in bar tuwo in koma wurin mutanen da suka jefe ni. Wataƙila tana da gaskiya. Ban san ko Hassi za ta amsa gaisuwata ba. Ban san ko in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina za a sake waiwayo mu ba, ga shi yanzu ni kaɗai ce mai bi a garin, sai ƴar yarinya. Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba, ƙafafuna kuma ba su da ƙarfin da. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma na riga na faɗi maganar nan a gaban Allah da gabanka, ba zan zauna a Tawa in mai da ita tari ba. Zan aika wa Malam Bulus ma ya zo in an yi kaka. Ya yi mana addu'a da kowane harshe ya ga dama.

Abu ɗaya ne ke ci mini rai, shi ne barinka. Tare muka fito, ni kaɗai zan koma. Zan bar ka a nan cikin baƙi, a garin da ba ka taɓa so ba, ba dangi ba maƙwabci. Na san ba ka nan, na san ka riga ka haye, ka isa inda ba fari ba tsegumi, wanda kake ba mu labarinsa ya karɓe ka. Amma ni mutum ce, na saba zuwa in share ƙasar nan in cire ƙaya in zauna kaɗan. Jiya ni da Lami mun jera maka duwatsu kewaye don kada ruwa ya tafi da alamar. Daga garinmu zuwa nan ba kusa ba ne ga mace mai hauya a hannu, ban san ranar da zan sake zuwa ba.

Ka huta lafiya, Maigida, ka yi barcinka. In ka ga an daɗe ba a zo an share maka ba, kada ka ce mun manta. Muna gonarka.

Taka har ranar da za a tashe mu,
Rahila